Ƙudajen Tsigi da Cikin Malama

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar, ta daina kumburi? Ni lafiya lau, sai mura da ta ƙi rabuwa da ni. Ki gaishe da matata Malama, ko da yake ta fi ki jin labarina, tunda ita tana jin waya, ke kuwa sai an yi miki ihu har maƙwabta sun ji. Shi ya sa na bi shawararki na koma takarda. Direban da ke kai kayanmu wajenku zai riƙa miƙa miki, ki ba shi amsa idan ya juyo.

Kin ce duk lokacin da kika tambaye ni aikina sai in yi ta kewaye-kewaye, kuma kin gaji da gaya wa mutane wai aikin gona nake alhali ba ki taɓa ganin ƙasa a farcena ba. To ga gaskiyar, amma ki gama cin abinci tukuna. Goggo, ƙudaje nake kiwo.

Ba ƙudan bola ba. Wani ɗan ƙarami ne mai ratsin rawaya, wanda macensa ke huda mangwaro ko gwaiba ta zuba ƙwai a ciki. Idan kin taɓa yanka mangwaro mai kyau kika tarar da tsutsa na iyo a ciki, aikinsa ne. Masu lambu sun yi feshi har sun gaji. Dabarar da ake yi a nan ita ce a kiwata su da yawa, a kashe wa mazan haihuwa, a sake su cikin lambuna. Duk macen dajin da ta sadu da namijinmu, ƙwanta ba zai ƙyanƙyashe ba. A hankali sai zuriyar ta ƙare.

A baki abin da daɗin ji. Ki zo ɗakin tsutsa ki gani. Farantai ne jere har rufi, cike da dusa da sukari da yis da aka kwaɓa, tsutsa na ci tana motsi, har abincin kansa kamar numfashi yake. Warin kuwa, ki ɗauka an jiƙa katifar mai fitsarin kwance an kulle ta a ɗaki mako guda, sannan aka juye ruɓaɓɓen lemo a kai. Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta lanƙwashe ta yi tsalle. Na sha tsintar ta a aljihu, a wuyan riga, ranar nan har a cikin kofin shayina. Ƙasan ɗakin santsi yake, kina tafiya kina jin suna fashewa a ƙarƙashin takalmi. Bayan sun daskare sun zama kamar ƙwayar alkama, sai mu barbaɗa musu wata hoda mai launi don a gane namu a daji. Hodar nan, ko majina na fyace da launinta take fitowa.

Daga nan sai ɗakin haske, can ƙarshen ginin. Duk namijin da ya shiga ya sha hasken nan, shi da haihuwa har abada. Ni ne nake shiga da su kowace safiya, tun makon da na fara aiki bara.

Damuwarmu yanzu ita ce mazan namu ragwaye ne. Sun saba da abinci a gaba, ga haske ya karya su, matan daji ko kallonsu ba sa yi. Dakta, matar da ke shugabantar aikin, ta ce idan ba mu gyara wannan ba kafin ƙarshen lokacin mangwaro, za a rufe wurin kowa ya kama gabansa. Ki sa mu a addu'a, in dai ana yi wa ƙuda addu'ar farin jini.

Naki,
Tsigi, tunda kin ƙi barin sunan ko da na fi ƙofarki tsawo.

*

Tsigi,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso. Ƙafa da sauƙi, kunne yana nan yadda ka san shi. Gida lafiya, sai famfon tsakar gida da ya koma ɗiga. Mai gyara ya zo sau uku, har yanzu jiya i yau.

Ban gama cin abincin ba na karanta, don ban ɗauka da gaske kake ba. Kyanwa ce ta ƙarasa shi. Takardar kanta wari take, sai da na shanya ta a igiya na wanke hannu da sabulu. Na ƙare ƙuruciyata ina aikin ungozoma a asibiti, na ga jini, na ga abin da ba a faɗa, ban taɓa yin amai ba. Abu ɗaya ne ban taɓa bari ya shiga ɗakin haihuwa ba, shi ne ƙuda. Yau ga shi jinina yana dafa wa ƙuda abinci, har yana nema masa mata. Kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, mutane masu tsafta. Wannan ne karatun da mahaifinka ya rasu yana alfahari da shi? Tir. Yanzu na gane warin da ke rigunanka idan ka zo hutu. Ni da na zaci Malama ce ba ta iya wanki ba, har na yi mata faɗa. Da na sani, da ban ba ku ɗakunan bayan nan ba sai ka yi alkawarin wanka a waje kafin ka shigo.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. A asibiti muna da ɗakin hoton ƙashi. Mai ɗaukar hoton rigar dalma yake sawa, ya laɓe bayan bango, kuma ba ma barin mai ciki ko gifta ƙofar ta yi. Na san abin da haske ke yi wa mutum. Ka ce duk namijin da ya shiga ya gama haihuwa, ka ce kai kake shiga da su, kuma tun bara. Ka amsa mini tsakaninka da Allah. Abin da ya samu ƙudajen ya same ka? Akwai magani? Matarka ta sani?

Ga dalilin tambayata. Malama tana da ciki. Ba ta gaya mini ba, na kuma san ba ta gaya maka ba, amma idon ungozoma ba ya tsufa. Ta daina shan shayi, tana tofar da yawu a bayan ɗaki. Ƙarami ne, bai wuce lokacin hutunka na ƙarshe ba. Ban ce mata komai ba. Amsarka nake jira.

Goggonka.

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi, da fatan Malama na nan lafiya. Murar ta tafi, sauro ya karɓe ta. Ina rubuto miki ne daga lambun gwaji, can nesa, inda aka kwaso mu ba shiri. Waya ba ta kamawa a nan ko ka hau bishiya, na gwada. Wani mai motar mangwaro zan ba wa takardar nan.

Aikin nan ya fi na ɗakin tsutsa ban kunya. An lulluɓe bishiya da raga kamar gidan sauro, a zuba mazanmu, da mazan daji, da matan daji. Ni kuma in zauna a ciki a kan bokiti tun fitowar rana, ƙudaje na sauka a leɓena da gashin idona, ba halin in kore su. Namiji zai maƙale a bayan ganye yana kaɗa fiffike yana fitar da wani ƙamshi. Mace za ta zo ta dube shi sama da ƙasa, in bai yi mata ba ta tashi. Idan suka daidaita, sai in kifa musu kwalba in duba ko namijin namu ne. Abokan aiki har sun sa mini suna mai dalilin aure. Jiya mai lambun ya tsaya a bakin ragar yana kallona, can ya ce, "Malam, kana da iyali kuwa?" Na ce da shi eh. Ya girgiza kai ya tafi. Ga ruɓaɓɓen mangwaro ko'ina a ƙasa, ka taka ya fashe, tsutsa ta watsu a kan yatsunka.

Satin farko mazan namu kwanciya suka yi a gindin ragar kamar sun dawo daga gidan biki. Sai Dakta ta kawo dabara. Kafin a sake su ana ƙara musu yis a cikin sukari don su yi ƙwari, sannan a rufe su da audugar da aka ɗiga wa man citta. Goggo, abin ya fara aiki. Yanzu su ke kama ganyen sama, matan na zuwa. Ni kaina warin citta nake, ya shiga fatata, sabulu ba ya fitar da shi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko maganin yana dawo da haihuwa. A'a. Wanda ya sha haske ya sha, ba likitan da zai dawo masa da ita. Ƙarfi da farin jini kawai ake gyarawa, don kada mace ta gane.

Roƙo ɗaya nake yi miki. Kada ki ba Malama wannan labari. Ita dai ta san ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ban taɓa buɗe mata cikin maganar ba. Kin san ta da ƙyama. Ina tsoron in ta ji ba za ta ƙara cin abinci da ni a kwano ɗaya ba. Ni zan gaya mata da bakina idan na samu ƙarfin zuciya.

Naki,
Tsigi.

A bayan takarda: Ki yi haƙuri da tabon nan, wasu ƙudaje biyu ne suka shiga tsakani na ninke da su. Direba ba ya zuwa nan, don haka in kin ba shi amsar takardata ta farko, tana can wurin aiki tana jirana, ban gan ta ba tukuna.

*

Tsigi,

Na amsa gaisuwarka. Lafiyata ƙalau, sai zuciya. Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Na karanta amsarka har sau uku. Na tambaye ka ko akwai magani, ka ce babu. Na tambaye ka ko matarka ta sani, ka ce a ɓoye mata. Na gaya maka zancen ciki, ka tsallake shi ko kalma ɗaya ba ka ce ba. Na gane. Namiji mai kunya ba zai iya rubuta irin wannan da hannunsa ba, shirun ma magana ce. Ashe cittar da kake wari magani ne kake sha a ɓoye. Wannan aiki ya cuce ka.

Na jira kusan sati biyu ko za ka ƙara rubutowa. Da na ji shiru, na ga ba ka da uwa ba ka da uba, ni ce babba, kuma a gidana abin yake faruwa. Ina ganin Malama tana wucewa da jakar littattafai tana gaishe ni da fara'a, ni kuwa ina kau da kai. Kwanon da ta kawo mini abinci ma kasa ci na yi.

Na kira ta ɗakina bayan ta dawo daga makaranta, alli bai ma fita daga hannunta ba. Na ce, "Cikin nan na wane ne?"

Sai ta rufe fuska tana dariya. Ta ce, "Kai, Goggo, ashe kin gane? Jira nake ya dawo in gaya masa ido da ido."

Na ce, "Ba wasa na kira ki ba. Mijinki ba ya haihuwa. Na'urar wurin aikinsu ta ƙone shi tun bara. Shi da kansa ya rubuto mini, ba sau ɗaya ba."

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Nuna mini takardar."

Na ce amana ce, ka ce kada a nuna mata.

Ta ce, "Ya san da cikin?" Na ce na gaya maka. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce ba ka ce komai ba. Ta ce, "To." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mai gaskiya ai kuka take yi, ta yi rantsuwa. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta haɗa jaka ɗaya, ta ajiye mini mabuɗi a kan taga, ta tafi gidan mahaifiyarta. Ko makarantar ba ta koma ba.

Tun kafin in kira ta, mutum ɗaya kawai na gaya wa, matar mai kemis, don in ji ko mijinta ya san wani magani. Ban san yadda aka yi duk layin ya ɗauka ba. Yanzu ana cewa mai gyaran famfo ne, tunda an ga yana yawan shigowa. Ni ban faɗi haka ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Na ji matarsa ta watsa masa kayan aiki a titi.

Ka kwantar da hankalinka. Gara yanzu da a ce ka yi ta renon ɗan wani. Ka bar wannan ƙazamin aiki ka dawo gida mu san abin yi.

Goggonka.

*

Goggo,

Ina gaishe ki don an koya mini gaisuwa. Lafiyata kuwa, ban sani ba.

Jiya muka dawo daga lambu. Direba ya miƙo mini takardunki biyu tare. Na buɗe ta farko a tsaye a bakin ƙofa, na ga zan zama uba, na yi ihu har mai gadi ya sheƙo da gudu. Na rungume shi. Sannan na buɗe ta biyu.

Goggo, me kika yi?

Ƙudaje ake haskawa. Ƙudaje! Ina tura su a kan amalanke cikin gwangwani, in shiga ɗakin, in sa gwangwanin a bakin na'ura, in rufe, ta ja shi ciki. Jikin na'urar dalma ce da ta fi tsawon hannuna kauri. Hasken ba ya fitowa. Muna maƙala wani ɗan abu a ƙirji da ake dubawa kowane wata, nawa bai taɓa nuna komai ba. Wanda ya koya mini aikin ya fi shekara goma a kan na'urar, 'ya'yansa biyar, na shida na hanya. Citta kuma a auduga ake ɗiga wa ƙudaje, ba ni nake sha ba. Abin da na ce ki ɓoye wa Malama tsutsa ce da wari, ba wani abu ba. Takardata ta lambu ba amsar taki ba ce. Na rubuta a baya ƙarara cewa ban ga saƙonki ba. Ba ki juya ba?

Cikin nan nawa ne. Ina jin kunyar rubuta wannan jimla, don rubuta ta ma zagi ne ga matar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ita ce take shafa miki magani a ƙafa. Ita ce take tsayawa a bakin ƙofarki tana maimaita miki abin da baƙi suka faɗa. Kin zauna da ita shekara biyu, amma layi ɗaya a takarda mai wari ya fi duk wannan nauyi a wurinki. Kika ce mata na sani na yi shiru. Da wannan ta tafi. Na kira wayarta har batirin ya mutu, ba ta ɗauka ba.

Kin ce aikina ƙazanta ne. Gaskiya ne. Yau da safe na kwashe ragowar abincin tsutsa da shebur, ya fantsamo mini a baki, na tofar na ci gaba. Amma da na tuna yadda sunan matata ke yawo daga shagon kemis zuwa bakin titi, mutanen da suka ci abincin aurenmu suna lissafa mata watanni da yatsa, sai da na fita bayan gini na yi amai. Shi kuma bawan Allah mai gyaran famfo, laifinsa me? Ke kika kira shi.

Dakta ta ba ni kwana uku. Gobe zan tafi wurin Malama. Ba zan biyo ta gida ba.

Tsigi.

*

Tsigi,

Na samu takardarka. Ƙafar ta tashi, ba mai shafa mini magani, amma ba wannan ne a gabanka ba.

Ban juya takardar ba. Na ga matattun ƙudaje biyu sun bi ta jiki har tabon ya fito ta gaba, na riƙe ta da bakin mayafi na karanta fuskar na ajiye. Yau na juya na gani.

Amma kai ma ka duba abin da ka rubuta. "Ni ne nake shiga da su." Haka ka sa, ga ta nan a gabana. Wa zai karanta wannan ya ce amalanke kake nufi? Kuma da ka gaya wa matarka aikinka tun farko, da ranar da na yi mata maganar dariya za ta yi mini. Ni kare ka na yi niyya. Da a ce gaskiya ce kuma na yi shiru, da me za ka ce da ni?

Ba na cewa ban yi kuskure ba. Ka gaya mata ta dawo ɗakinta, ni zan san yadda zan yi da ita. Tsakanin uwa da 'ya ba a rasa saɓani.

Goggonka.

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ƙafa lafiya. Akwai sauran man shafawar a saman kabad ɗinmu, ki ɗauka.

Na je. Mahaifiyarta ta bar ni a tsaye a bakin ƙofa har rana ta juya. Da ta bari na shiga, na tarar da Malama a zaune a bakin gado, ta rame, cikin ya fara fitowa. Ba ta ɗaga kai ba. Na zauna a ƙasa na ba ta labarin komai, tun daga faranti har raga da kwalba, na ajiye mata takardunki a gabanta. Ta karanta su kamar tana duba jarrabawa. Da ta gama ta ce, "Ƙudaje? Abin da ka ɓoye mini ke nan?"

Na ce ina tsoron ƙyamarta ne.

Ta ce, "Kullum ina share majinar 'ya'yan mutane, ina wanke wanda ya yi kashi a wando a aji. Tsutsa ce za ta kore ni?" Sai a lokacin ta yi kuka. Ta ce kwana da kwanaki tana tunanin na san da cikin na yi shiru, har ta fara jin haushin abin da ke cikinta. Wannan maganar ba za ta bar kunnena ba. Rabona na laifin na ɗauka, kin yi gaskiya a nan.

Ta yafe mini, ko dai ta fara. Amma ta ce ƙafarta ba za ta ƙara taka layin nan ba. Ta ce ranar da ta fito da jaka, mata uku na zaune a gaban kemis, suka yi shiru suna kallon cikinta, ɗaya ta tofar da yawu. Ban roƙe ta ta dawo ba, kuma ba zan roƙa ba.

A wurin aiki gwajin ya yi kyau. Mazan da suka sha yis da ƙamshin citta sun kamo na daji, wani lokacin ma sun wuce su. Ba za a rufe wurin ba, an ƙara mana lambuna. Ranar da saƙon ya zo kowa na ta murna a ofis, ni na koma wankin farantai. An ba ni ɗaki biyu a gidajen ma'aikata. Iska na kawo warin wani lokaci, Malama ta zo ta shaƙa ta ce za ta iya. Ta nemi canjin makaranta.

Abu biyu nake so. Ki haɗa mana kayanmu ki ba Direba. Sannan ki bi duk inda maganar ta shiga, da ƙafarki, ki ce ƙarya ce, ki fara da mai gyaran famfo da matarsa.

Tsigi.

*

Tsigi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Malama. Ni da sauƙi. Wannan ce ta huɗu da na rubuta tun da Direba ya kwashe kayanku. Ban sani ba ko yana ba ka. Idan na tambaye shi sai ya ce yana sauri, ko kuma ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba zan ji ba.

Zan sake gaya maka, ko sauran ba su isa ba. Na yi abin da ka ce. Na ɗauki sanda na fara da mai gyaran famfo. Na same shi a shago shi kaɗai, matarsa da ta yi yaji ta dawo amma ba sa magana sosai. Na durƙusa da wannan ƙafar. Ya ɗaga ni ya ce ya yafe, amma in nemi wani mai gyaran. Ya yi daidai.

Daga nan na bi gida-gida. Na yi bayanin gwangwani da amalanke da dalma har muryata ta dushe. Wasu dariya suka yi ta yi, wai ashe mijin Malama kawalin ƙudaje ne. Wannan bai dame ni ba. Matar mai kemis ce ta kama hannuna ta kai bakinta kunnena, ta ɗaga murya don in ji, kowa ma ya ji. Ta ce, "Ai dole ki ce haka, Goggo, jininki ne. Kada ki damu, mu ma mun rufa masa asiri." Ta kashe mini ido. Sauran suka gyaɗa kai. Na ce wallahi ƙarya na yi, kuskure na yi. Suka ce Allah sarki, tsohuwa mai zumunci. Da na faɗi ƙarya sau ɗaya a ɗaki, kowa ya yarda. Na faɗi gaskiya a ƙofa goma sha, ba wanda ya karɓa. Na dawo gida na kuskure baki, ban san me nake wankewa ba. Tun ranar ban ƙara sayen ko ƙwayar ciwon kai a shagon ba, ina aika saƙo can bakin kasuwa. Ku yi zamanku a can. Malama ta fi ni sanin mutanen nan.

Ɗakunan na nan a kulle. Mutum biyu sun zo nema, na ce ba na bayarwa. Da nake share ƙarƙashin gado na tsinci wata 'yar hula da ta fara saƙawa, da allurar a jiki. Ban sa a cikin kayan ba a lokacin, na ji nauyin ta san na gani. Na ƙarasa ta. Hannuna ba kamar da ba, gefe ɗaya ya ɗan karkace. Tana cikin ambulan ɗin nan. In ba ta so, ka jefar, kada ka gaya mini.

Ban ce ku zo ba, ban ce ku kawo mini kowa ba. Amma na iya lissafi, na san an sauka, ko makon jiya ko wanda ya wuce. Na ga matan layin suna kallona suna motsa baki, ina jin sun samu labari ta wajen makarantar. Ban tambaye su ba, ba na so in ji daga bakinsu.

Ka rubuto mini ko layi ɗaya ne. Ta sauka lafiya? Mace ce ko namiji?

Goggonka.